Dalma, Kuza da Dutsen Kwalli: Ƙarfen da Ake Zuba Baƙaƙen Ɗab'i da Shi

Idan akwai tsohon littafi a gidanku, irin waɗanda aka buga tun kafin zuwan kwamfuta, ɗauko shi ka shafa bayan shafi da ɗan yatsa. Sau da yawa za ka ji ɗan tudu-tudu a ƙarƙashin rubutun, kamar an danna takardar da wani abu mai tauri. An danna ɗin ne kuwa. Kowane baƙi da ke shafin nan, har aya da waƙafi, wani ɗan guntun ƙarfe ne ya sha tawada, aka matse shi a kan takarda ya bar sawunsa. Tsayin guntun bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, kaurin wani ma bai kai tsinken ashana ba, a kansa kuma ga harafin a juye, kamar yadda ake ganin rubutun hatimi. Dubbai ake jerawa kafin a cika shafi guda.

Da wane ƙarfe ake yin su? Duk wanda ya taɓa aiki a tsohuwar maɗaba'a zai ce maka dalma ce. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa ba. Da dalma ce zalla, da kafin a yi nisa da bugu baƙaƙen sun baje kamar an taka tuwo. Gami ne na ƙarfe uku: dalma, da kuza, da wani da ake kira antimoni. Ni a ganina wannan gamin ya fi injin matse takarda cancantar a ce masa sirrin ɗab'i. Matsewa ai tsohon abu ne, Turawa sun daɗe suna matse inabi da zaitun da irin wannan dabara kafin wani ya yi tunanin sa takarda a ƙarƙashi. Inda gizo ke saƙar shi ne samun ƙarfen da zai yarda ya zama harafi.

Sai mun fara daidaita sunaye, domin Hausa ta ɗan cakuɗa su. Mutanen da can dalma suke ce wa ƙarfe biyu, mai nauyin nan ruwan toka da ake samu a cikin batirin mota, da kuma farin nan mai ƙyalli da ake narkawa daga baƙin yashin ƙasar Jos. Shi ya sa garin da ya shahara da narka kuza a ƙasar Bauchi ake kiransa Ririwan Dalma, inda maƙera ke zuba shi tsinke-tsinke fatake na kai shi kasuwanni tun kafin Bature ya san da shi. A nan, in na ce dalma, ta batir nake nufi, wadda masunta ke ɗaurawa a bakin birgi don ya nutse. In na ce kuza, farin ƙarfen nake nufi, wanda mai gyaran rediyo ke liƙe waya da gaminsa. Ba mu kaɗai muka rikita ƙarafan nan ba. Babbar mahaƙar antimoni ta duniya tana lardin Hunan na ƙasar Sin, sunan wurin kuwa, Xikuangshan, ma'anarsa dutsen haƙar kuza, domin waɗanda suka fara tono a can sun zaci kuza suka samu.

Shi antimoni ba baƙo ba ne a wajenmu, ko da sunan bai zauna a baki ba. Dutsensa baƙi ne mai sheƙi, shi ne Larabawa ke kira ismid, ainihin dutsen kwalli ke nan. Sai dai yawancin kwallin da ake sayarwa a kasuwanninmu dutsen dalma ne, ba na antimoni ba, su biyun sun yi kama ƙwarai a ido. Zan komo kan wannan.

To, me ake nema ga ƙarfen harafi? Ana so ya narke a wutar da ba ta fi ƙarfin ɗan murhu ba. Ana so in ya narke ya tsinke kamar ruwa, ya kutsa cikin layin da bai fi gashi kauri ba. Ya daskare nan take, don mai zubi ba shi da lokacin jira. In ya daskare kada ya tsuke ya bar gefen harafi a dakushe, kada kuma ya cinye mazubin da aka zuba shi a ciki. Bayan duk wannan, ya yi taurin da zai jure matsa sau dubbai, ya ƙi tsatsa, ya karɓi tawada ya kuma sake ta, ya yi arahar da za a saye shi tan-tan. Baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas yake narkewa, ga tsatsa. Jan ƙarfe sai ya kai 1,085. Azurfa da zinariya kuwa ba a ma kawo zancensu.

Dalma ta ci rabin jarrabawar. Tana narkewa a digiri 327, ga araha, ga ƙin tsatsa. Aibinta taushi, farce ma yana yi mata zane, sannan in ta daskare tana tsukewa, ba ta kuma cika lungunan mazubi da kyau. Antimoni ya zo da tauri, amma shi kaɗai gautsi gare shi, guduma ɗaya sai ya watse kamar gilashi, kuma sai ya kai digiri 630 yake narkewa. Kuza yana narkewa a 232, yana sa narkakken gami ya yi gudu ya jiƙa kowane saƙo, yana kuma rage gautsin antimoni, sai dai shi ne mai tsadar cikinsu, don haka kullum ana auna shi kamar mai sayar da turare.

Abin mamakin yana wajen haɗuwa. Hankali zai ba ka cewa in aka zuba mai taurin kai irin antimoni a cikin dalma, gamin zai ƙara wuyar narkewa. Sai ga akasin haka. In aka haɗa dalma kashi 84 cikin 100, antimoni kashi 12, kuza kashi 4, gamin yana narkewa a wajen digiri 240, ƙasa da dalmar kanta da kusan digiri 90. Irin abin da gishiri ke yi wa ƙanƙara ne, ya sa ta narke tun lokacinta bai yi ba. Wannan gwargwado kuma yana da wata baiwa: yana tashi daga ruwa zuwa sandararren abu kai tsaye, a zafi guda. Sauran gwargwado, waɗanda aka ƙara musu antimoni da kuza, sai sun bi ta matakin talge tukuna, wani ɓangare ya daskare wani yana ruwa. A cikin wannan talgen ne kuza da antimoni ke haɗuwa su yi wasu 'yan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, masu tauri ƙwarai. In aka goge ƙarfen aka duba shi a madubin ƙara girma, za a gan su farare a warwatse cikin dalmar, kamar tsakuwa a cikin kankare. Su ne ke ɗaukar nauyin matsa, dalma kuma tana riƙe da su. Sun fi dalma rashin nauyi, saboda haka in aka bar tukunya ba motsawa sai su taso sama, wanda ya ɗiba daga sama ya sami ƙarfe mai gautsi, na ƙasa ya sami mai taushi. Masu zubi ba su raba hannu da ludayi.

Akwai wata magana da ta yaɗu a littattafan makaranta, wai gamin yana kumbura in ya daskare, shi ya sa yake cika mazubi. An ɗan ƙara mata gishiri. Abin da ke faruwa shi ne antimoni yana rage tsukewar dalma, gamin ya tsuke kaɗan maimakon da yawa. Kaifin harafi ya fi dogara ga gudun da kuza ke bayarwa da kuma ƙarfin da aka tura ƙarfen da shi cikin mazubi.

Sunan da ake dangantawa da wannan gami shi ne Johannes Gutenberg, mutumin Mainz a ƙasar Jamus, wanda ya san aikin ƙarfe mai daraja, wato da a Kano yake da maƙerin fari za a kira shi. Wajen shekarar 1450 ya kafa maɗaba'arsa, zuwa 1455 kuma ya gama buga Baibul ɗinsa mai layi 42 a shafi, wajen kwafe 180, da siffofin haruffa kusan 290 daban-daban don ya kwaikwayi rubutun hannu. Amma ba shi ya fara baƙaƙe masu cirewa da mayarwa ba. A Sin, Bi Sheng ya yi su da gasasshen yumɓu tun wajen 1040. A Koriya an zuba su da tagulla, har akwai littafin addinin Buddha mai suna Jikji da aka buga da su a 1377, yana ajiye yanzu a babban ɗakin karatu na Faransa. Bambancin shi ne tagulla na son babbar wuta, ba ta kuma daskarewa a tafin hannu cikin ƙiftawar ido. Gamin dalma ya mai da zubin harafi aikin mutum ɗaya a tsaye gaban ɗan murhu.

Gutenberg bai bar rubutaccen gwargwado ba. Bayanin farko da aka buga ya fito ne a 1540, cikin littafin wani Ba'italiye masanin ƙarafa, Vannoccio Biringuccio, a nasa gamin kuma kuza ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sannu a hankali tsada ta sa aka yi ta rage kuza ana ƙara dalma. A 1683 wani Bature ɗan Landan, Joseph Moxon, ya rubuta yadda ake dafa ƙarfen a zamaninsa. Da yake ɗanyen dutsen antimoni ake samu, mai cike da farar wuta, sai a haɗa shi da tsofaffin ƙusoshi a tukunya a hura wuta. Baƙin ƙarfen ya janye farar wutar ya taso a matsayin kashi, antimoni ya rage, sannan a gama shi da narkakkiyar dalma. Hayaƙin ya yi muni har sai a fili ake aikin, in an gama kuma a ba ma'aikata giya gauraye da mai su sha, wai don ta kashe dafin da suka shaƙa.

Hanyar zubin da ta kafu ta kuma zauna shekara ɗari huɗu, ga yadda take. Gwani zai ɗauki ɗan sandan baƙin ƙarfe ya sassaƙa harafi ɗaya a kansa da 'yan ƙananan zartuna, aikin da kan ci yini ko fiye. Ya ba shi ruwa ya yi tauri, sannan ya kafa shi a kan ɗan guntun jan ƙarfe ya doka. Ramin da ya bari shi ne uwar harafi, Turawa ma sunan da suke kiransa daga kalmar uwa ya fito. Sai a sa uwar a gindin mazubi, wani ɗan abu mai ɓari biyu da ke zamewa a jikin juna, an lulluɓe shi da katako don kada ya ƙona hannu. Zamewar nan ita ce hikimar: ta buɗe ga harafi mai faɗi irin m, ta tsuke ga siriri irin i, amma tsayi da kauri ba sa canjawa. Mai zubi ya riƙe mazubi a hagu, ya ɗebo ƙarfe da ɗan cokali a dama, yana zubawa yana fizgar hannun sama, don ƙarfen ya faɗa cikin uwar kafin ya daskare. Kowane harafi da irin fizgar da yake so. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka masu farfaɗiya ne ke aiki. Kafin ya sauke hannu ƙarfen ya sandare, ya buɗe ya zaro harafi da ƙugiya ya rufe ya sake. Moxon ya ce gwani kan zuba wajen 4,000 a yini. Daga nan yara su karya wutsiyar da zubi ya bari, su goga gefuna a kan dutse, a jera su a kankare gindinsu su zo daidai.

Daidai ɗin nan ba na wasa ba ne. A Ingila da Amurka tsayin harafi inci 0.918 ne, wato milimita 23.3, a Faransa da Jamus ya ɗan ɗara haka. Harafin da ya gaza da kaurin takarda ɗaya ba zai taɓa tawada ba, wanda ya ɗara kuma zai huda takardar. Ƙarfen da ke tsukewa yau da yawa gobe kaɗan ba zai yi wannan aiki ba.

Da injuna suka zo a ƙarshen ƙarni na 19, sai gamin ya rabu gida-gida, kowane aiki da nasa. Ottmar Mergenthaler, Bajamushe mazaunin Baltimore a Amurka, ya ƙera Linotype, jaridar New York Tribune ta fara aiki da shi a 1886. Mai aiki na zaune gaban maɓallai 90, duk wanda ya taɓa sai uwar harafi ta farin gaci ta gangaro ta shiga sahu. In layi ya cika, famfo ya tura narkakken ƙarfe daga tukunyar da ke jikin injin, mai zafin wajen digiri 280, sai ga layi sukutum ya faɗo, ɗan falle mai sheƙi da zafin da ba a riƙe shi da daɗewa. Uwayen kuma su hau su koma ɗakunansu da kansu. Linotype na son gamin nan mai daskarewa nan take, na 84 da 12 da 4, ko abin da ya yi kusa da shi. Bai cika tauri ba, ko da yake ya ninka dalma zalla wajen sau huɗu, amma ba a bukatar ya daɗe. Ana gama buga jarida a kwashe layukan a mayar tukunya. Ƙarfen da ya ba da labarin rasuwar sarki jiya, shi ne zai ba da na naɗin magajinsa gobe.

Monotype, wanda Tolbert Lanston ya ƙirƙira a Amurka a daidai wannan zamani, harafi ɗai-ɗai yake zubawa a jere, an fi amfani da shi wajen littattafai, gaminsa kuma ya fi tauri, antimoni kan kai kashi 15 zuwa 19, kuza 7 zuwa 10. Mafi tauri duka shi ne na baƙaƙen da ake saya a zuba a aljihunan kabad, a jera da hannu, a wargaza a mayar, shekara da shekaru. Nan antimoni kan haura kashi 20, kuza ya haura 10, har a ɗan ɗiga jan ƙarfe. Manyan jaridu kuma sukan danna shafin da aka jera a kan wani kwali mai laushi, su lanƙwasa kwalin, su zuba ƙarfe a kai, su sami faranti mai siffar ɓarin ganga da ake ɗaurawa a injin mai juyawa. Faranti ɗaya kan kai wajen kilo 20, na shafi guda ke nan.

Ƙarfen yana gajiya. Duk narkawa sai wani toka-toka ya taso a saman tukunya, a kwashe a zubar, kuma kuza ne ya fi tafiya a ciki. In aka yi ta juya ƙarfe ɗaya ba a kula ba, sai a ga haruffa sun fara fitowa da fuska dusu-dusu, ciki da kogo. Manyan gidajen ɗab'i sukan aika samfur a gwada, a ƙara wani gami mai yawan kuza da antimoni a farfaɗo da shi. Babban abokin gaba kuwa shi ne zinki, ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi. Ɗan mitsitsi in ya faɗa tukunya sai ƙarfen ya yi kauri ya ƙi gudu, kamar kunun da ya kwana. Ga shi kuwa farantan hotuna da zinki ake yin su, suna kwance kafaɗa da kafaɗa da layukan dalma a shafi ɗaya. Yaron da aka sa tsince su kafin a mayar da ƙarfe tukunya, ranar da ya yi sakaci ya san sauran.

Abin da mai karatun yau ya fi mantawa shi ne, a zamanin dalma harafin da ba a sassaƙa ba babu shi. Wannan ya shafi rubutun Larabci sosai. Baƙaƙensa a sarƙe suke, yawancinsu da siffa huɗu, ga ɗigo ga wasali sama da ƙasa, don haka ana bukatar ɗaruruwan guntaye, da yawansu da ɓangaren da ya leƙo waje ba abin da ya tokare shi. Irin wannan leƙe shi ne ke fara karyewa in gami ya cika gautsi. An buga Alƙur'ani da baƙaƙen ƙarfe a Venis wajen 1537, aikin bai karɓu ba. Ibrahim Muteferrika ya fitar da littafinsa na farko a Santambul a 1729, maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira ta fara aiki a farkon shekarun 1820, ita ce kuma ta jera baƙaƙen mus'hafin Masar na 1924 da ya zama abin koyi. Duk da haka Musulmi da yawa, daga Indiya har Maroko, sun fi karkata ga bugun dutse, wanda ke ɗaukar rubutun hannun marubuci yadda yake. Mu ma a nan, littattafan da almajirai ke saya a kasuwar Kurmi da rubutun warash, hannun gwanin rubutu aka ɗauka hoto aka buga, dalma ba ta shiga tsakani ba. A shekarun 1950 kuma, don Larabci ya shiga ɗakuna 90 na Linotype, Kamil Muruwwa mai jaridar Al-Hayat ta Labanan ya haɗa kai da kamfanin aka rage siffofin yawancin baƙaƙe daga huɗu zuwa biyu. Salon rubutun da ido ya saba gani a jaridun Larabawa, injin dalma ne ya yanka masa riga.

Boko ma bai tsira ba. Kabad ɗin baƙaƙe da aka yi wa Ingilishi ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ. Littattafan Hausa na farko sun yi ta dabaru, wani ya sa ɗigo a ƙasan harafi, wani ya maƙala masa waƙafin sama, wanda ko ba komai akwai shi a kowane kabad kyauta. Da aka tsai da shawara a kan haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya, sai da aka yi musu uwaye sababbi, babba da ƙarami, a kowane girma da kowane salo da ake son bugawa da shi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Abubakar Imam ya fara shiryawa a Janairun 1939, da kamfanin Gaskiya da aka kafa a Tukur-Tukur a 1945, duk 'ya'yan zamanin dalma ne. Kalmar 'ya'ya ɗin nan ma shaida ce: a Nijeriya har yau waƙafin sama muke sa wa y, a Nijar kuwa lanƙwasa suke yi mata.

Wani abin dubawa, a daidai shekarun da ake shigo da baƙaƙe daga Ingila, jirgin ƙasa na kwasar kuza daga Jos da Bukuru ana kai shi Ingila a narka. Ƙaramin layin dogo da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka gama a 1914, don wannan kaya aka shimfiɗa shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya mai arzikin kuza a 1942, Turawa sun tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa aikin haƙar kuza, da yawa ba su komo gida ba. Gidajen ɗab'i na cikin masu sayen wannan ƙarfe, tare da masu gwangwani da masu dalmar liƙi.

Na ce zan komo kan kwalli. Dalma guba ce, masu ɗab'i kuma sun biya kuɗinta da jikinsu. Tururin tukunya bai kai ƙura illa ba: ƙurar da ke taruwa a aljihunan kabad, wadda ake sa yara su hure, da tokar saman tukunya, da cin abinci da hannun da ya yini yana jera baƙi, da maƙale harafi a baki in hannu ya cika. Alamominta murɗar ciki mai tsanani, taurin bayan gida, wani shuɗin layi a dasashi, da sanyin hannu har ya kasa ɗaga kansa daga wuyan hannu. A Turai an daɗe ana raba wa ma'aikatan ɗab'i madara da sunan kariya, alhali ba ta kare komai, wanke hannu da share ƙura da ruwa su suka yi aiki. Babba yana iya ɗauka shekaru, yaro ƙarami ba ya iyawa, ƙwaƙwalwa take taɓa masa. Mun gani da idonmu a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, ta kashe yara aƙalla 400. Kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai, in na dalma ne, hanya ɗaya yake bi, yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Wanda kuma ya ci karo da tsofaffin baƙaƙe, kada ya ba yara su yi wasa da su, kada ya narka su a murhun girki.

Zamanin ya ƙare da sauri. Daga shekarun 1960 jera rubutu ta hanyar hoto da bugun faranti mai laushi suka fara ture dalma, kwamfuta ta zo ta ƙarasa. Jaridar New York Times ta yi bugunta na ƙarshe da narkakken ƙarfe a farkon Yulin 1978. Tan-tan na baƙaƙe suka tafi wajen 'yan gwangwan, aka narka su suka zama harsashi, da nauyin koma, da farantan batir, waɗanda su ma gamin dalma da antimoni ne. Ƙarfen kansa ba ya ruɓewa da sauƙi. A 1916 zuwa 1917 wani mai maɗaba'a a Landan, Cobden-Sanderson, saboda rigima da abokin kasuwancinsa Emery Walker kan wanda zai gaji baƙaƙen maɗaba'arsu ta Doves, ya riƙa fita da dare yana zubar da su a kogin Thames daga kan gadar Hammersmith, fiye da tan guda. A 2014 masu nutso suka tsamo wajen guda 150 daga cikin laka, ana karanta su sarai.

A wajenmu, inda na fi ganin ragowarsu shi ne shagunan masu ɗinke kundin ɗalibai a bakin manyan makarantu. Rubutun zinariya da ke bangon kundin digiri, da baƙaƙen ƙarfe ake danna shi. Na tsaya na kalli wani dattijo yana yi. Ya jawo aljihun kabad mai 'yan ɗakuna, yana tsintar baƙi ba tare da ya duba ba, babban yatsansa na lalubar wata 'yar tsaga da ke jikin kowane harafi, ita ke gaya masa ina ne sama ina ne ƙasa. Ya jera sunan a juye, ya ɗaure, ya sa a injin ya ɗumama shi, zafin da bai kai rabin wanda zai narka ƙarfen ba, ya shimfiɗa takardar zinariya a kan bango ya ja hannun injin ƙasa. Wasu baƙaƙen sun sha matsa har kafaɗunsu sun zagaye, harafin A ya fi kowa shan wuya. Ɗalibin da ke jira ya karɓa ya duba, ya ce, "Baba, ai sunana Ɗanladi ne, ka sa Danladi." Dattijon ya jawo aljihun gaba ɗaya ya ajiye a gabansa, ya ce, "Ɗana, duba da kanka. In ka ga mai ƙugiya a ciki, na sake maka kyauta."